Gamban Da Na Dasa A Karkace

Shekaran jiya wasu samari biyu suka zo daga buro, wato ofishin gwamnati, a bisa moto, da igiyar awo da wani abu kamar salula da suke ɗaga wa sama, wai za su kafa duwatsun siminti a iyakokin gonaki don a huta da rigima. Suka zagaya gonarmu ta gabas, suka dawo suka durƙusa gabana a zaure. Babban cikinsu ya ce, "Baba, iyakarku da ta gidan Agali a karkace take. Layin gamban ya taho tiryan-tiryan, sai a tsakiya ya lanƙwaso cikin gonarku, ya ci muku kusan taki huɗu. In ka yarda mu miƙe muku ita." Na dube shi, yaro mai ladabi, ba shi da laifin komi, amma sai da na ji zuciyata ta motsa kamar ta shekarun baya. Na ce su je su sha ruwa, su dawo jibi. Tun da suka tafi ban iya tunanin wani abu ba sai gamban nan.

Yaran yanzu ba su san mene ne gamba ba, a wurinsu ciyawa ce da ke hana moto wucewa. Mu da muka tashi a ƙauyen nan tsakanin Cadawa da Agye, gamba ne takardarmu, shi ne alƙalinmu. Da shi ake saƙa zana, da shi ake ɗaure rumbu, kuma shi ake dasawa a bakin gona ya zauna shekara da shekaru yana faɗa wa kowa inda hannunsa ya tsaya. In iska ta taso da kaka sai ka ji yana shuu kamar mata na sheƙar hatsi. A lokacin ba rediyo a kowane gida, abin da ke tada mutum da safe shi ne lugude daga gida zuwa gida, da kukan guga a bakin rijiya, da tarin tsofaffi masu zuwa masallaci. In ruwan shuka ya sauka, gari ya kan zama wayam, maza gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ba wanda ya taɓa riƙe igiya ya auna gona. Tsofaffi kan ce gamba ba ya tafiya, mutum ne ke tafiya da shi.

Gonar gabas ɗin nan kuwa tana da labari tun kafin a haife ni. Zamanin kakana, wanda ya sari garin, wasu Bugaje suka gangaro daga arewa bayan wata yunwa. Bayin masu raƙuma ne a da, suka sami ƴancin kansu, ba su da komi sai ƴan awaki da jakai biyu. Su suka taya kakana haƙar rijiyarmu, gaba ashirin da wani abu, har ɗaya daga cikinsu ƙasa ta rufta masa ya mutu a ciki. Da ruwa ya fito, kakana ya yanka maraƙi, aka raba naman biyu, aka ci tare a tire ɗaya, sa'an nan ya yanka musu rabin gonarsa ta gabas, ya dasa gamba da hannunsa tsakaninsu. Ya ce a gaban jama'a, "Daga nan zuwa can naku ne, ku da jikokinku. Wanda ya tuge gamban ga cikin zuri'ata, Allah ya tuge shi daga garin ga." Kowane yaro a gidanmu ya san maganar nan kamar sunansa. Agali, wanda ya zama babban gidan Bugajen a zamanina, yana ɗan saurayi aka yi abin, kuma ya ci naman.

Babana ya rasu a shekarar da ake ta kiɗan mulkin kai, aka naɗa ni mai gari gemuna bai gama fitowa ba. Kai, ƙuruciya da rawani mugun haɗi ne. Ina tafiya ina jin ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba, in tsoho ya yi mini magana sai in ga kamar raini ne. Ga shi kuma shekarun gyaɗa ne, kowa ya haukace a kanta. Wanda ya kai buhunansa sikeli a Cadawa sai ya dawo da keke, ko kwanon rufi, ko turmin atamfa. Aka daina barin gona ta huta, aka fara harar duk wani fili. Ni kuwa kullum in na tsaya a gonar gabas sai in ga rabin Agali ya fi nawa kyau, jigawa ce mai laushi wadda awakinsu suka shekara suna taki a kai. Akwai ɗan wan babana, Nomau, wanda ya nemi rawanin bai samu ba, amma ya zama kamar inuwata. Shi ne ke ce mini, "Ranka ya daɗe, yanzu zamani ya sake. Nasara ma ya tattara ya tafi, balle maganar wani maraƙi da aka cinye tun kafin a haife mu. Aro aka ba su, aro kuwa ba kyauta ba ne." Na ji daɗin maganar saboda ita nake son ji.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Na ɗauki samari shida da sungumi da gatura, muka tuge gamban kakana tun daga tsakiya, gindi bayan gindi, muka watsar da shi a rana. Saiwarsa ta yi zurfi ƙwarai, wani gindin sai mutum biyu sun taru a kai. Muna cikin aikin Agali ya zo, dogo, siriri, da baƙin rawaninsa da ya rine masa goshi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai gari, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba Agali. Gonarmu muke bukata bana. Ku nemi wani wuri a yamma." Ya dubi ramukan, sa'an nan ya ce, "Wana yana cikin rijiyar da ka sha da safe." Ya juya ya tafi. Wallahi na ji maganar har cikin ƙashina, amma samari na kallona, sai na daka musu tsawa na ce su ci gaba.

Kwana biyu bayan haka aka ce Baba Tanko na kirana. Baba Tanko ƙanen babana ne. Ciwon kuturta ya kama shi yana matashi, ya tafi asibitin ƴan mishan wajen Maraɗi ya shekara bakwai, ya dawo ciwon ya tsaya amma ya ci masa yatsu, kuma ya dawo Kirista, da wani baƙin littafi mai kauri da ya koyi karantawa da Hausar boko. Gidanmu duk Musulmi ne, an yi kuka, an yi faɗa, daga baya aka gaji aka bar shi da Allahnsa. Bukkarsa na bakin gari ƙarƙashin wata aduwa. Shi da liman kan zauna su yi ta gardama har la'asar, su tashi su raba goro. Da yake ba ya iya kama takarda da dungunsa, tun ina yaro ni ke juya masa shafi, ko da ban san baƙi ko ɗaya ba. Mutum ne mai ba'a, tun da aka naɗa ni bai ƙara kirana da sunana ba.

Na same shi da hantsi, littafin a bisa gwiwarsa. Ya ce, "Mai rawani, zauna. Yau yatsunka nake bukata, ba sarautarka ba." Na zauna ina cika ina batsewa. Ya sa na yi ta juyawa har ya ce in tsaya, ya fara karantawa a hankali yana fassara mini da bakinsa, yadda ya saba. Ya ce tun kafin Bani Isra'ila su shiga ƙasar da aka yi musu alkawari, Allah ya ƙulla yarjejeniya da su, ya kuma gaya musu ƙarshen abin tun farkonsa. In sun riƙe amana za su sami ruwa a kan kari, rumbunansu su cika. In sun ci amana, sama za ta ƙi su, ƙasa ta ƙi su, a ƙarshe a kwashe su da sarkinsu zuwa ƙasar da ba su jin harshenta. Ya ce ba rana ɗaya abin ya faru ba, shi ya sa suka raina shi. Sarki ya zo ya yi ɓarna ya mutu a gadonsa, ɗansa ya ce ashe ba komi, ya ƙara a kai. Ana aiko musu annabawa, suna kora. Ƙasar ta rabu biyu, har aka kwashe na arewa, na kudu suna gani, ba su ɗauki darasi ba.

Na ce, "Baba, mi ya haɗa ni da sarakunan Yahudawa? Ni gyaɗa zan shuka."

Ya ce, "Juya dai. Na ƙarshensu nake son ka ji."

Na ƙarshen sunansa Zadakiya. Baba Tanko ya ce lokacin da mayaƙan Babila suka kewaye birninsa, tsoro ya kama shi, sai ya tara manyan gari suka yi alkawari gaban Allah za su saki bayinsu. Suka yanka maraƙi, suka raba shi biyu, suka ratsa tsakanin naman, suka saki bayin. Da mayaƙan suka ɗan janye, suka ga kamar masifa ta wuce, sai suka bi mutanen nan ɗaya ɗaya suka mayar da su bauta. Annabi Irmiya ya zo ya gaya wa sarkin abin da zai same shi, bai ji ba. Mayaƙan suka dawo, suka ƙone birnin, suka kama shi yana gudu, suka yanka ƴaƴansa a gabansa, sa'an nan suka ƙwaƙule masa idanu don ya zama abin da ya gani na ƙarshe ke nan, suka ja shi da sarƙa zuwa Babila, can ya mutu. Da ya kai wurin maraƙin nan sai da na tuna na kakana, don ban taɓa sanin akwai irinsa a littafin ba. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na rufe littafin da ƙarfi har ya kusa faɗuwa daga gwiwarsa, na ce, "Zagina ka kira ni ka yi da littafin Nasara?" Ya ce, "Ni ban ambaci sunanka ba, ɗana. Kai ka ji shi a ciki." Na tashi na bar shi da littafin a rufe, alhali na san ba zai iya buɗewa ba. Wannan har yau ina jin kunyarsa.

Na biya wurin liman ina neman wanda zai ce mini ƙarya ce. Ya saurare ni sarai, ya ce shi bai san littafin Tanko ba, amma abin da ya sani alkawari abin tambaya ne ranar gobe, kuma ubansa na cikin waɗanda suka ci naman maraƙin. Ban ji daɗinsa ba shi ma.

Rana ta huɗu da tuge gamban, wani gardi, ɗan sandan gwamnati, ya iso a kan doki da takardar sammaci. Kumandan, mai mulkin yankinmu, na nemana a Tasawa nan da kwana uku, ni da Agali, a kan ƙarar ƙwacen gona. Sai a bakin gardin na ji wanda ya kai ƙarar, ba Agali ba ne, Nomau ne, ashe har yanzu rawanin yake nema. A shekarun nan kuwa ba wasa, sabuwar gwamnati na tuɓe masu sarauta kamar ana cire hula, wasu a kai su can nesa cikin rairayi inda ba su san kowa ba. Na shiga gida, innata na tankaɗe, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Bakin kakanka bai taɓa faɗuwa ƙasa ba," ta ci gaba da aikinta hawaye na zuba cikin garin. Matata na goyon ɗanmu na fari a lokacin. Na dubi yaron a bayanta, labarin makahon sarkin nan ya dawo mini gaba ɗaya. Ba zan yi wa kaina ado ba, ba tuba ce ta fara kama ni ba, tsoro ne tsagwaronsa.

Da gari ya waye na tuɓe rawanin na ajiye bisa gado, na ɗauki sungumi na nufi gonar gabas ni kaɗai. Tunanina ɗaya, gamban ya kwana biyar a rana, ya mutu, ba abin da zan mayar. Na isa ban tarar da ko gindi ɗaya ba. Ina tsaye kamar wawa sai ga Agali da jakinsa. Ya ce in biyo shi. A bayan gidansu, ƙarƙashin wani gawo, ga gamban kakana an jera shi gindi gindi a inuwa, an rufe saiwar da danyar ƙasa, matansu na zuba masa ruwan rijiya safe da yamma. Har ya fara fitar da sabon tofo. Na ce, "Baba Agali, ka san zan dawo ke nan?" Ya ce, "A'a, ban sani ba. Kakanka ya dasa shi, ba zan bari ya mutu a rana ba." Na durƙusa a gabansa, mai gari guda, ba rawani, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, rana na yi. Ɗauki wancan, ni in ɗauki wanga."

Ya kai mini su bakin gona a kan jaki, amma bai taya ni dasawa ba, kuma ya yi daidai. Na yini ina haƙa ina dasawa, mutanen gari na wucewa suna kallo, wasu na sunkuyar da kai, wasu na dariya a hannun riga. Samarin da na sa aikin sun riga sun baje ramukan, ruwa kuma ya sake sauka a kai, ban gane ainihin layin ba. Duk inda na yi shakka sai in matso cikin tawa gonar, don tsoron kada in ci masa ko tafin hannu. Da la'asar Agali ya zo ya tsaya a ƙarshen layin, ya rufe ido ɗaya ya duba. Ya ce, "Mai gari, ka dasa shi a karkace. Ka cuci kanka." Na ce gobe in gyara. Ya ce, "Gobe muna hanya."

Kwana biyu muka yi a hanya, muka yada zango a Gazawa, shi a kan jaki, ni ina jan dokina don na kasa hawa in bar tsoho a ƙasa da ni. Da muka isa buro, akwai wata kamiyo, babbar motar kaya, tsaye a fili da jandarma biyu a bayanta. A tsakaninsu wani dattijo ne zaune, mai garin wani ƙauye da na sha gani a kasuwa da zagage a gabansa. Ba rawani a kansa, sanƙonsa na ƙyalli a rana, yana rungume da buta da tabarmar salla. Ban san laifinsa ba, kuma ba zan ɗora masa ba, don a lokacin wasu zalunci ya kai su, wasu siyasa ce kawai. Amma da motar ta tashi ya waiwayo yana kallon hanyar garinsu, sai na ga kaina a wurinsa, na kau da kai.

Kumandan baƙar fata ne irinmu, abin da ban taɓa gani ba a kujerar nan. Nomau na gefe yana kallon ƙasa. Kumandan ya tambayi Agali ko gaskiya ne an ƙwace masa gona. Na san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa in bi waccan motar. Agali ya gyara rawaninsa ya ce, "Ranka ya daɗe, an tuge gamba, gaskiya ne. Wanda ya tuge shi ya mayar da hannunsa, gari na kallo. Har ya ƙara mini. Ni ban kawo ƙara ba, kuma ba ni da ita." Kumandan ya dube ni, ya ce in na sake ganin cikin buron nan a kan irin wannan magana ba zan koma gida ba, sa'an nan ya ce mu tafi. Da muka fito na zauna a gindin wani itacen bedi na yi kuka kamar yaro, ban damu da masu wucewa ba. Agali ya kwance ƙullinsa ya miƙo mini cuku da dabino, ya ce in ci, tafiya na gabanmu. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba.

Da na koma, kafin in shiga gida bukkar Baba Tanko na fara zuwa. Littafin na nan a rufe yadda na bar shi. Ya ce, "Mai rawani, ashe da idanunka ka dawo." Na zauna na buɗe masa ba tare da ya roƙa ba. Ya sa na koma baya sosai, ya karanta mini labarin wani sarkin, Manassa, wanda ya fi su duka mugunta, aka ja shi da ƙugiya zuwa Babila, ya ƙasƙantar da kansa a can ya roƙi Allah, aka maido shi garinsa. Ya ce, "Da shi na so in rufe maka ran nan, ka tashi ka bar ni." Na ce ni tsoro ne ya mayar da ni gonar, ba kirki ba. Ya yi dariya ya ce ai gargaɗi don a ji tsoro ake yinsa, in kunne ya ji jiki ya tsira. Bai taɓa ce mini in bi addininsa ba, ni ma ban taɓa ce masa ya bar shi ba, kuma ni na ci gaba da juya masa shafi har shekarar da ya rasu.

Na yi shekara arba'in da wani abu da rawanin nan kafin in miƙa wa ɗana, yaron da ke goye ran nan. A garin ga na tsufa, a nan za a rufe ni kusa da kakana in Allah ya yarda. Nomau ma a nan ya mutu, ni na yi masa sutura. Agali ya sha ce mini in zo mu miƙe layin, kullum in ce sai baɗi, har ya gane ba na so ne, ya daina.

Yau da safe samarin suka dawo da simintinsu. Na sa aka kira jikan Agali, wanda ke noma gonar yanzu, muka tafi tare, ina dogara sanda. Yaron buron ya sake nuna mini lanƙwasar, ya ce, "Baba, taki huɗu ne fa, kuma haƙƙinku ne." Na ce masa ya kafa duwatsunsa a gindin gamban, ya bi shi duk inda ya karkata, kuma kada ya taɓa ko ganye ɗaya. Ya ce to a takarda mi zai rubuta, don za a tambaye shi dalilin karkatar. Na ce ya rubuta cewa mai gonar ne ya dasa shi haka, kuma yana cikin hankalinsa.